Momiji: Jan ganyen da Japanawa suka mayar kalandar tufafinsu

Da zarar watan Satumba ya raba tsakiya, kafofin yaɗa labarai na ƙasar Japan kan shiga kawo rahoton inda ganyen itatuwa ya fara yin ja. Launin yakan soma ne daga tsaunukan Daisetsuzan da ke tsibirin Hokkaido a arewacin ƙasar, sannan ya riƙa gangarowa kudu sannu a hankali, yana sauka daga kan duwatsu zuwa kwari, har ya iso biranen Tokyo da Kyoto a ƙarshen Nuwamba ko farkon Disamba. Jama'a na bibiyar wannan tafiya kamar yadda suke bibiyar hasashen yanayi. Masaukan baƙi kan cika, jiragen ƙasa su cika, tsofaffin gidajen bauta masu lambuna kuma su buɗe ƙofofinsu har cikin dare. Fitar tana da suna tun zamanin da, momijigari, wato farautar jan ganye, ko da yake mafarautan ba sa komawa gida da komai sai abin da ido ya gani.

Bishiyar da ake wa wannan hidima ita ce momiji, ɗaya daga cikin dangin itatuwan da Turawa ke kira mepul. Sama da shekara dubu ke nan da ta shiga tufafin Japanawa. Ganyenta a jikin kimono, doguwar rigar gargajiya ta ƙasar, yana faɗin watan da ake ciki, kuma akwai ƙa'idar lokacin da ake sa shi da lokacin da ake ninke shi a ajiye. Ƙa'idar ta ginu ne a kan cewa bishiyar za ta cika alkawarin lokacinta kowace shekara. A shekarun baya-bayan nan ta fara saɓa alkawarin.

Bishiya mai hannun kwaɗo

Japanawa na kiran ta da suna biyu. Na farko shi ne kaede, wanda ya samo asali daga tsohuwar kalmar da ke nufin hannun kwaɗo, saboda ganyen ya rarrabu yatsu-yatsu, biyar ko bakwai, wani lokaci tara. Na biyu, momiji, ya fito daga wata tsohuwar kalmar aikatau mai ma'anar sauya launin ganye. Da fari kowace bishiya da ta sauya launi ana iya ce mata haka, amma da yake wannan ce ta fi sauran ƙayatarwa, sai sunan ya zauna a kanta. Nau'in da aka fi sani, iroha-momiji, ya samu sunansa ne daga yadda ake ƙirga yatsun ganyen da haruffan farko na tsohon jerin baƙaƙen Japananci, kamar dai a ce an ƙirga da alif, ba, ta.

Masanin tsirrai ɗan ƙasar Suwidin, Carl Peter Thunberg, wanda ya zauna tare da 'yan kasuwar Holan a tsibirin Dejima na Nagasaki tsakanin 1775 da 1776, shi ya raɗa mata sunan kimiyya Acer palmatum, ma'ana mai kama da tafin hannu. Ana samun ta kuma a Koriya da wasu sassan Sin. Sai dai a lura, ba ita ce ke jikin tutar Kanada ba. Dangin da ke Arewacin Amurka manyan itatuwa ne masu faffaɗan ganye, wasunsu ma daga ruwan jikinsu ake dafa wani zaƙi mai kama da zuma. Ta Japan ƙarama ce, galibi ba ta wuce mita goma, tana girma a inuwar manyan itatuwa da gefen rafuka, ganyenta siriri ne ƙwarai. Masu lambu sun fitar da ire-irenta sama da dubu, har da waɗanda ganyensu ja ne tun daga tohowa.

Shekarar Japan kashi huɗu ce: bazara mai furanni daga Maris zuwa Mayu, lokacin zafi daga Yuni zuwa Agusta, kaka daga Satumba zuwa Nuwamba, sai hunturu mai dusar ƙanƙara. Momiji kan zubar da ganyenta gaba ɗaya kafin hunturu, kuma jan launin wani ɓangare ne na shirin zubarwar. Idan yini ya gajarta, sanyi ya sauko, bishiyar takan daina sabunta koren sinadarin nan na kulorofil, ta wargaza shi, ta janye abin amfanin da ke cikinsa zuwa rassa da saiwa don ajiya. A lokaci guda wani shinge kan fara samuwa a gindin ganyen, inda ya haɗu da reshe, sai sukarin da ganyen ke sarrafawa da rana ya rasa hanyar fita ya taru. Daga wannan sukari ne ake gina jan sinadarin da ake kira antosayanin, ɗan gida ɗaya da wanda ke ba zoɓo launinsa. Ruwan ɗorawar da ake gani a wasu itatuwan dama yana cikin ganyen, kore ne ya rufe shi. Ja kuwa sabon ƙira ne, bishiyar sai ta yi aiki kafin ta samar da shi. Bayanin da masana da yawa suka fi karkata gare shi shi ne, jan launin na kare ganyen daga kaifin rana har bishiyar ta gama kwashe ajiyarta.

Saboda haka kyan launi na da sharuɗɗa. Ana buƙatar rana mai haske, da dare mai sanyi, da danshi a iska. A Japan an san cewa sauyin kan fara ne idan sanyin asuba ya sauka ƙasa da digiri 8 a ma'aunin Salshiyas, ya kuma kankama idan ya kai digiri 5 ko 6. Kwari da gaɓar kogi su suka fi cika waɗannan sharuɗɗa, shi ya sa shahararrun wuraren kallo, irin su Arashiyama a Kyoto, suke bakin ruwa. Mai kallon kimono zai ga cewa ganyen da ruwa kusan ba sa rabuwa a zane, kuma daga nan abin ya samo tushe.

Kafin a zana ganyen, launinsa aka fara sawa

A littafin Man'yoshu, mafi daɗewar tarin waƙoƙin Japan, wanda aka haɗa a ƙarni na 8, yawancin inda aka ambaci momiji an rubuta shi ne da haruffan da ke nufin ganye mai ruwan ɗorawa. Sai a zamanin Heian, daga 794 zuwa 1185, lokacin da fadar sarki ke Kyoto, haruffan jan ganye suka rinjaya. A wannan zamani ne kuma bishiyar ta shiga tufafi, ta wata hanya mai ban sha'awa.

Matan fada a lokacin kan sa rigunan alharini bisa juna, shigar da daga baya aka sa wa suna junihitoe, wato riga goma sha biyu, duk da cewa adadin yakan ƙaru ko ya ragu. Kowace riga launinta daban, kuma ana jera su yadda bakin kowacce zai leƙo a wuya da hannu da ƙasa. Jerin launukan na da sunaye da lokuta. Daga cikin na kaka akwai da dama masu ɗauke da sunan momiji, inda ake tashi daga kore a bi ta ruwan ɗorawa da ruwan goro a dire a ja, daidai yadda reshe ɗaya ke kasancewa a tsakiyar sauyi. Ba a zana ganye ko ɗaya ba, amma duk wanda ya gani ya san bishiyar ake nufi. Manyan matan fada ba kasafai ake ganin fuskarsu ba, suna zaune ne a bayan asabari, bakin hannun riga kawai ke leƙowa. Da wannan ɗan abin da ya leƙo ake auna ilimin mace da tarbiyyarta, kuma wadda ta jera launin da bai dace da watan ba ta jawo wa kanta abin faɗa.

Littafin Genji Monogatari, wanda Murasaki Shikibu ta rubuta a farkon ƙarni na 11, yana da babi sukutum mai suna bikin jan ganye. A cikinsa jarumin labarin ya yi rawa a ƙarƙashin itatuwan da reshen momiji soke a hularsa, kuma da ganyen reshen ya kakkaɓe sai aka musanya masa da furen kiku. Ko a ƙagaggen labari, ba a bar mutum da adon da lokacinsa ya wuce ba.

Zanen da ya fi kowanne shahara kuwa, ganyen momiji bisa ruwa mai gudu, sunansa Tatsutagawa, wato kogin Tatsuta da ke yankin Nara. Tarihinsa zagaye ne. Mawaƙin fada Ariwara no Narihira, wanda ya rayu daga 825 zuwa 880, ya yi wata gajeruwar waƙa inda ya kamanta kogin da ganye ya rufe da ƙyallen da aka yi wa jan rinin ƙulli. Bisa bayanin da ke gaban waƙar a littafin Kokinshu, ba kogin yake kallo ba a lokacin, hoton kogin ne da aka zana a jikin allon tsare ɗaki na wata matar fada. Wato mai zane ya kwaikwayi kogi, mawaƙi ya kamanta zanen da rini, bayan ƙarnuka marina suka ɗauki waƙar suka mayar da ita kan ƙyalle. Akwai kuma tsohon imanin gargajiya da ke cewa wata gunkiya mai suna Tatsuta-hime ce ke rina duwatsu a kaka, har ake danganta ta da masu rini da saƙa.

Dokar hana almubazzaranci ta haifar da sabon rini

A zamanin Edo, daga 1603 zuwa 1868, mulki na hannun shugabannin soja da ake kira shogun, dukiya kuwa ta taru a hannun 'yan kasuwar birni, waɗanda a tsarin daraja na hukuma su ne a ƙasa. Matansu suka shiga gasar tufafi, hukuma kuma ta riƙa fitar da dokokin taka musu burki. A 1683 aka haramta wasu nau'ikan ado masu tsada, ciki har da surfani, da yadin da aka saƙa da zaren zinariya, da rinin ƙullin da ke rufe riga baki ɗaya da ɗigo-ɗigo. Masana tarihin tufafi da dama na ganin wannan hani ne ya buɗe wa rinin yuzen kasuwa, domin shi ba surfani ba ne, ba zinariya ba ne, amma yana ba da hoto mai launuka yadda ake so. An raɗa masa sunan Miyazaki Yuzensai, wani mai zanen mafici a Kyoto da salon zanensa ya yi tashe a ƙarshen ƙarni na 17.

Ganyen momiji ya dace da wannan fasaha matuƙa, kuma sai an bi matakan aikin ake gane dalili. Kimono ana yanka ta ne daga bandir ɗaya na alharini, faɗinsa bai kai santimita 40 ba, tsawonsa wajen mita 12, a yanka shi gida takwas a miƙe. A manyan rigunan biki ana fara harhaɗa farin yadin da ɗinkin wucin gadi, a zana hoton a kai yadda reshe zai ƙetare ɗinki ba tare da ya karye ba, sannan a warware. Tawadar zanen farko ruwan wani shuɗin fure ce mai suna aobana, wadda ruwa ke wankewa tas. Daga nan mai aiki zai ɗauki ɗan mazurari na takarda mai bakin ƙarfe, ya cika shi da ƙullun shinkafa mai danƙo, ya bi layin zanen yana matso ƙullun siriri kamar zare. Wannan layi shi ne shingen da ke hana launi tsallakawa. Sai a bi kowane ganye da buroshi, a sa masa launinsa. A nan gwaninta take, domin cikin ganye guda da bai fi tafin hannun jariri ba ana iya tashi daga kore a narke zuwa ja ba tare da an ga inda ɗaya ya ƙare ba. Bayan haka a rufe hoton da ƙullu mai kauri, a rina sauran yadin, a turara shi don launi ya kama, a wanke. Inda ƙullu ya bi sai ya bar farin layi siriri da ke fitar da yatsun ganyen ɗaya bayan ɗaya.

Salon Kyoto na son ƙawa, yakan ƙara da zinariya da surfani. Salon Kaga na birnin Kanazawa ya fi kusa da abin da ke daji. Launukansa na asali biyar ne, kuma masu yin sa kan zana ganye da hudar da ƙwaro ya ci, da ɗigon ruɓewa a gefe. A ganin mai wannan rubutu, salon Kaga ne ya fi fahimtar bishiyar, tunda jan ganye dama ganye ne da ke bakin faɗuwa.

Ja kansa launi ne mai tsada a wancan zamani. Mafi daraja ana samun sa ne daga furen benibana, wanda yankin Mogami na Yamagata ya shahara da nomansa, kuma jan da ke cikin furen ɗan kaɗan ne ƙwarai, sai an wanke ruwan ɗorawar da ya rinjaye shi kafin a kai gare shi. A wasan kwaikwayon gargajiya na Noh, har yau rigar da ke da ja alama ce ta budurwa, wadda babu ja kuma ta mace mai shekaru.

Ganyen kan zo da abokan tafiya. Idan aka haɗa shi da barewa, kaka ce ta yi nisa. Wannan haɗi yana cikin kartar gargajiya ta hanafuda, a katin watan goma, inda barewar ta kau da kai gefe, kuma daga nan ake cewa Japanawa suka samo kalmar shikato ta yin biris da mutum. Idan kuma aka haɗa shi da furen sakura na bazara, zanen ya zama unkin, gajimare da yadin alfarma, kuma wannan haɗin na da amfanin da ya wuce ado.

A riga lokaci, kada a bi bayansa

Ƙa'idar sa kimono ta kasu biyu. Ta farko ta shafi kauri: riga mai shafi daga Oktoba zuwa Mayu, marar shafi a Yuni da Satumba, shara-shara a Yuli da Agusta. Ranakun 1 ga Yuni da 1 ga Oktoba su ne na sauya tufafi, kuma makarantu da dama na bin su wajen sauya kayan ɗalibai. Ta biyu ta shafi zane, kuma ita ce mai wuya. Ana so mutum ya riga lokaci da 'yan makonni, ya sa jan ganye tun bishiyar na shirin sauyawa. Masu tsananta ƙa'ida ba sa son a sa shi ranar da launi ya kai ƙololuwa, wai kada a yi gasa da bishiyar. Sa shi bayan ganye ya zube kuwa ƙauyanci ne. Koren ganyen bishiyar, aokaede, shi ma yana da nasa lokacin a farkon zafi, inda ake zana shi don ya sanyaya ido. 'Yan matan da ke koyon aikin geisha a Kyoto, waɗanda ake kira maiko, suna sauya adon gashinsu kowane wata, kuma na Nuwamba ganyen kaka ne.

Ma'anar wannan ta fuskar aljihu a fili take. Rigar da aka zana da hannu, wadda ba ta ɗauke da komai sai jan momiji, makonni kaɗan za a mora a shekara. Sai mai hali ke iya mallakar irin ta. Sauran jama'a sun nemo mafita: su sayi zanen unkin ko wanda ya haɗa tsirran lokuta huɗu, wanda ba shi da ƙaidin wata, ko su sa riga marar zane su bar alamar kaka ga obi, faffaɗar ɗamarar da ake ɗaurawa a kai.

Bishiyar ta makara

Hukumar kula da yanayi ta Japan na rubuta ranar da ganyen kaede ya yi ja a tashoshinta tun 1953. Ko da ta rage yawan tsirran da take bibiya zuwa shida a 2021, ta bar wannan bishiya a ciki. Alƙalumanta sun nuna cewa ranar tana ja da baya da kusan kwana uku a kowace shekara goma, wanda idan aka tara shekara saba'in ya kai wajen mako uku. Sakura kuwa gaba take matsowa, da fiye da kwana ɗaya a kowace shekara goma. Kakar 2024 ita ce mafi zafi da aka gani a ƙasar tun da aka fara ajiye alƙaluma a 1898, kuma a Kyoto an shiga Disamba ana kallon jan ganye. Dare mai ɗumi kan dusashe launin, zafi mai tsanani kuma kan ƙona bakin ganyen ya bushe tun bai yi ja ba.

Wannan ya jefa masu sa kimono cikin tsaka mai wuya. Wadda ta bi tsohuwar kalanda ta sa jan ganye a Oktoba, za ta tsaya ƙarƙashin bishiya kore shar, cikin riga mai shafi, gumi na karyo mata. Wadda ta bi bishiyar kuma za ta kai adon kaka cikin Disamba, watan da a al'ada na zanen dusar ƙanƙara ne da shirin sabuwar shekara. A batun kauri an riga an sassauta, masu sa riga marar shafi a Mayu da Oktoba sun yawaita, malaman koyar da ɗaura kimono da dama kuma na cewa a bi yanayin ranar. Batun zane ya fi wuyar sassautawa, domin waƙoƙi da bukukuwa da kartar da suka ɗaure ganyen da watansa ba sa matsawa tare da yanayi.

Su ma masu zana ganyen raguwa suke yi. A 1971 marinan yuzen na Kyoto sun fitar da bandir sama da miliyan 16. A shekarun baya-bayan nan abin bai kai 300,000 ba, kuma kaso mai yawa na na'urar buga zane ne, na hannu zalla ɗan kaɗan ne. Wankin yadi a kogin Kamo, wanda a da yake cikin abubuwan kallo na birnin, an daina shi tun farkon shekarun 1970 saboda dokar hana gurɓata ruwa, ya koma cikin masana'antu. Dubban baƙin da ke hayar kimono na yini ɗaya don ziyartar gadar Tsutenkyo ta gidan bautar Tofuku-ji, inda momiji wajen 2,000 suka cika kwari, galibinsu rigar zaren roba suke sawa, wadda aka buga mata furannin kowane lokaci a haɗe. Shuɗin furen aobana da ake zanen farko da shi, wanda ake tsinka da sassafe a tsakiyar zafi, a matse, a shafa ruwansa a takarda sau da yawa har ta rine, a yau manoma ƙalilan ne suka rage suna noma shi a garin Kusatsu na yankin Shiga, yawancin masu zane kuma sun koma tawadar da aka haɗa a masana'anta.